Baba Sikeli da Facin Auta

Duk wanda ya taɓa sayen nama ko gawayi a layin bayan kasuwa ya ci albarkacin Baba Sikeli, ko ya sani ko bai sani ba. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana gyaran sikeli a wani ɗan lungu ƙarƙashin matakalar bene, wurin da in dogon mutum ya miƙe da gaggawa sai siminti ya gaishe shi a ƙeya. Shi kuwa gajere ne, wurin ya zo masa cif kamar an gwada. Benci ɗaya gare shi, da fitila ɗaya, da wani akwatin katako mai shimfiɗar jan ƙyalle inda duwatsun awonsa suke kwance, tun daga na giram ɗaya har na kilo biyar. Ba ya taɓa su da hannu tsirara, sai da hankici, wai gumin hannu ma nauyi ne. Matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, ta ce ita tun da aka kawo ta bai taɓa riƙe hannunta da irin wannan ladabi ba.

Kada a yi masa ƙarya don ya tsufa, ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba. Wani mahauci ya taɓa kawo masa sikeli, ya rage murya ya ce, "Baba, a gyara shi dai ya ɗan san maigidansa." Baba ya ce to. Ya gyara shi tsaf, ya ɗauko da kansa har teburin mahaucin, ya ɗora dutsen kilo ɗaya a gaban masu saye, ya ce, "Ga shi nan, yanzu ya san kowa." Shekara uku mahaucin ba ya amsa masa gaisuwa. Baba bai rame ba.

Da sikeli mai lantarki ya shigo, mai jajayen lambobi suna ƙyafta ido, abokan sana'arsa suka watse. Wasu suka koma gyaran kwaɗo, wasu suka koma zaman benci suna zagin zamani. Shi kuwa, yana da shekara hamsin, ya sayo matattun sikelin lantarki ya zauna yana buɗe musu ciki. Uku ya ƙona ƙurmus kafin na huɗu ya yi magana. Daga nan ƙananan asibitoci suka san hanyar lungunsa, suna kawo masa sikelin awon jarirai. Wanda suka ce ya tsufa za su yar, sai ya roƙa a ba shi, ya kai gida ya farfaɗo da shi. A haka ya tara guda bakwai a ɗakin baya, a jere kan katako, kowanne da murfin tsohon zane. Inna ta ce ɗakin da ya kamata baƙo ya kwana ya zama asibitin da ba likita ba majinyaci.

'Ya'ya shida suka haifa. Biyar ko sunan sikeli ba sa son ji. Auta ce kaɗai ta ɗauko taurin kansa da son tone-tonen abin da ba a sa ta ba. Ta yi karatun kwamfuta, tana aiki a wani ofis, tana da miji da 'ya'ya biyu, amma duk Asabar tana gidan iyayenta da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ita ta jawo shi cikin wannan harka da za a ba ku labari.

Akwai wata manhaja da ƙananan asibitoci ke amfani da ita wajen awon jarirai. A ɗora jariri a sikeli, wayar da ta haɗa sikelin da kwamfuta ta kai lambar ciki, kwamfuta ta adana, ba sai an rubuta da biro an yi kuskure ba. Manhajar ba ta wani kamfani ba ce, ta kowa da kowa ce. Mutane ne a ƙasashe daban-daban, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba, suke kula da ita a bakin lokacin da suka samu. Duk wanda ya ga ɓaraka sai ya rubuta gyara ya aika dandalinsu. Faci suke ce wa gyaran, kamar dai na taya.

To amma faci ba ya shiga don mai shi ya iya surutu. Sai an ga layi uku a ƙasansa, kowane layi da sunan mutum. Na farko na mai rubutawa ne: ni na yi, ban sato na wani ba, na kuma bayar. Na biyu na mai dubawa ne: na karanta shi layi-layi, ban ga aibu ba. Na uku na mai gwadawa ne: na sa shi a na'ura ta gaske, ya yi aiki. In hannu uku suka cika, sai a kai gaban wata mata da suke kira Mai Makulli, can wata ƙasa mai nisa, ita ce ke shigar da shi. Ƙofar kuma sau biyu take buɗewa a shekara, mako biyu-biyu. Wanda ya makara sai ya jira wata shida. Sunayen nan kuwa ba sa gogewa. Bayan shekara ashirin, in abu ya lalace, kowa na iya buɗewa ya ga wa ya ce ya gwada.

Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne mai gwadawa a kan tsofaffin sikeli. Duk masu ilimin nan sababbin kaya gare su. Auta ta rubuta musu ta ce ubanta na da bakwai. Ta kawo tsohuwar kwamfuta ta haɗa masa a ɗakin baya, ta nuna masa inda ake dannawa. Idonsa ba ya ɗaukar ƙananan baƙaƙe, don haka suka raba aiki: shi ya gwada, ya faɗi abin da ya gani, ita ta rubuta, ta karanta masa, in ya yarda sai ya sa yatsansa ya danna aikawa da kansa. Wannan dannawar bai taɓa bar wa kowa ba. Shekara huɗu suna haka. Faci sittin da wani abu suka wuce ta hannunsa, ya mayar da goma sha ɗaya, babu kuma wanda ya sa wa hannu da ya dawo ya ba da kunya. A dandalin ana ce masa tsohon nan mai sikeli bakwai. Da Auta ta gaya masa sai ya ce, "Tsoho kuma? Su wa suka ga shekaruna?" Amma ranar har mai ɗinkin da ke gefen lungunsa sai da ya ji labarin sau biyu.

Ana nan sai Auta ta zo da nata facin, babba, ba irin ƙananan da ta saba ba. Ma'aikatan jinya sun daɗe suna kuka cewa lambar tana daƙiƙa takwas kafin ta tsaya. Daƙiƙa takwas ba komai ba ce a bakin mai hira, amma ga jariri tsirara a kan farantin ƙarfe mai sanyi yana tsala ihu, ga uwaye talatin a layi, ai shekara ce. Wata biyar Auta ta yi tana fama, ta mayar da takwas ta koma biyu. Mai dubawa ya karanta ya sa hannu har da yabo. Mai Makulli ta rubuto ta ce in facin nan ya shiga a wannan buɗewar, za ta danƙa wa Auta makullin ɓangaren sikeli gaba ɗaya, ita ma ta riƙa shigar da na wasu. Wani mai baki a dandalin ya ce anya ya dace uba ya gwada na 'yarsa? Mai Makulli ta ba shi amsa a layi ɗaya: in kana da tsofaffin sikeli bakwai, bismillah. Bai ƙara tofawa ba.

Saura hannu ɗaya ke nan, na Baba. Ƙofa za ta rufe Juma'a da sha biyun rana.

Ranar Laraba Auta ta ɗauki hutu ta zo tun da hantsi. Akwai takardar gwaji da dandalin ya rubuta: dutsen kilo ɗaya, da na biyu, da na uku, da na biyar, kowanne sau goma a kan kowane sikeli. Baba ya ɗauko akwatinsa da hankicinsa. Ɗora, sauke, ɗora, sauke, har la'asar. Ko giram ɗaya bai kauce ba. Lamba na fitowa fit, ta tsaya cak. Auta ta tashi tana taka rawa a ɗan filin da ya rage tsakanin katako da ƙofa.

"Baba, faɗi in rubuta!"

"Bari in mayar da duwatsu tukuna. Ba gudu za su yi ba, amma ke kamar za ki yi."

Inna ce ta leƙo da tire a hannu. Ta dubi dutsen kilo uku yana zaune a faranti shiru kamar mai jiran hukunci, ta taɓe baki.

"Wai wannan ne jaririn? Ni shida na haifa, Malam, ban ga wanda ya kwanta haka ba. Wannan ta ƙarshen ma," ta nuna Auta da haɓa, "sai da mutum biyu suka danne ta kafin a auna."

Ta ajiye tire ta fita abinta, ba ta san abin da ta tayar ba.

Baba ya tsaya da hankici a hannu. Can ya ce, "Auta, kamo mini magen uwarki."

"Baba, don Allah."

"Kamo ta. Ki zo da kwandon wanki."

Nauyin magen ya san shi, don ya sha auna ta tana barci a farantin: kilo uku da giram ɗari. Aka sa ta a kwando, aka cire nauyin kwandon, tana juyi tana zage-zage irin nasu na maguna. A kan sikeli biyar masu ɗan dama-dama lamba ta fito daidai. Aka zo na shida, wani tsoho mai fari ya koma ruwan ƙasa. Kilo uku da ɗari uku da ashirin. Aka sake. Kilo biyu da ɗari takwas da casa'in. Na bakwai, ɗan'uwansa, shi ma haka. Baba ya ce a cire facin a mayar da manhajar yadda take. Aka jira daƙiƙa takwas ɗin nan da ake zagi. Uku da ɗari, cif.

Auta ta gane kafin ya buɗe baki. Sababbin sikeli da masu dama-daman nan suna lallashin lambar da kansu kafin su aika, tsofaffin kuwa duk abin da suka ji shi suke faɗa. Facinta yana cafke lambar farko da ta yi kamar ta tsaya. Ta zauna a bakin katako ta dafe kai.

"Zan gyara," ta ce.

"To, gyara."

"Ba zai yiwu kafin Juma'a ba, ka sani. Da na taɓa layi ɗaya hannun mai dubawa ya faɗi, sai ya karanta daga farko. Shi kuma mako guda yake ɗauka ko da wasiƙar gaisuwa ce."

"To, sai wata buɗewar."

"Baba." Ta matso, ta sassauta murya, irin muryar da take karɓar abu a hannunsa tun tana ƙarama. "Takarda duwatsu ta ce. Ka gwada da duwatsu, sau ɗari biyu da tamanin, ya wuce. In ka sa hannu ba ƙarya ka yi ba. A takarda ina aka ce mage? Ya shiga yanzu, wallahi kafin wata ɗaya na aika gyaran."

"Takarda ba ta ga abin da na gani ba."

"Irin waɗannan biyun wa ke amfani da su yanzu? Sun girme ni!"

"Watan jiya wa ya kawo mini irinsu gyara? Asibitin ƙarshen kwalta. Biyu gare su, ba su da wani. Giram ɗari biyu a buhun masara ba a kula, Auta. A jikin jaririn da bai cika kilo biyu ba, da shi ake auna masa magani, da shi ake cewa a kwantar ko a sallama."

Sai kuma ta zo da ta ƙarshe, wadda ta fi zafi.

"Na ji. Kada ka sa hannu. Ka yi shiru kawai. Akwai wani mai gwadawa da sabon sikeli, gobe zai sa nasa, hannu uku su cika. Sunanka ba ya ciki, ba ruwanka."

Baba ya ninke hankicinsa gida huɗu, ya sa a akwati, ya rufe.

"Wato in ga rami a hanya, in kauce, in tsaya gefe ina kallon masu zuwa. Ba zan sa hannu ba, ba kuma zan yi shiru ba. Zan rubuta musu abin da na gani."

"Wa zai rubuta maka?" ta ce, ta ɗauki jakarta ta fita ko sallama babu.

Ranar Alhamis bai je lungu ba. Ya zauna a ɗakin baya yana goge sikelin da ba su yi ƙura ba. Inna ta yi ta kai da kawo tana faɗa da tukwane, tana faɗa da bakinta da ya jawo, tana faɗa da shi.

"Kai dai Allah ya yi ka da zuciyar ƙarfe. Yarinya ta yi wata biyar ba Asabar ba Lahadi, ka tashi ka rushe mata saboda mage. Magen ma tawa!"

"Ke kika ce jariri ba dutse ba ne."

"Na faɗa! Yau ka fara jin maganata? Shekara arba'in ina magana tana bin iska, sai wannan ɗayar ka ga damar kamawa?"

Ya ci gaba da goge sikelinsa. A cikin 'ya'yansa shida, Auta kaɗai ce ke zama kusa da shi ta tambaye shi yadda abu ke aiki. In ta ɗauke ƙafa, ɗakin baya ya zama abin da Inna ta daɗe tana faɗa.

Juma'a da safe ya sa riga ya ɗauki hula, zai tafi shagon masu buga takardu a bakin titi su rubuta masa. Yana ɗaura agogo sai ga Auta a ƙofa, ido a kumbure, fuska ba annuri.

"Ina za ka?"

"Wajen masu buga takarda."

"Su rubuta maka shirme, sai ka ce ba ka da 'ya a raye? Matsa mini."

Ta zauna gaban kwamfuta. Ya tsaya a bayanta ya faɗa a hankali: ya gwada da duwatsu a sikeli bakwai, ya wuce, ya gwada da abu mai motsi, biyar sun wuce, biyu sun kauce da giram ɗari biyu sama ko ƙasa, ba zai sa hannu ba. Yatsunta na tafiya, ba ta ɗago ba. Ya gama magana, ita ba ta gama rubutu ba.

"Karanta mini," ya ce.

Ta karanta nasa kalma-kalma yadda ya faɗa, ba ta rage ba, ba ta tausasa ba. Sai ta ci gaba da abin da bai faɗa ba: sunan irin sikelin biyu, da layin da kuskuren yake a cikin facin, da dalilinsa. A ƙasa kuma, da sunanta: ni mai facin na ga gwajin da idona, na janye shi, kada kowa ya sa masa hannu.

"Wannan na ƙarshen ban ce ba."

"Ba naka ba ne. Danna, lokaci na tafiya."

Mutumin da ke ɗaukar dutsen giram ɗaya bai taɓa suɓuce masa ba, ran nan sai da ya kuskure maɓallin sau ɗaya.

Sha biyu ta buga, ƙofa ta rufe babu facin Auta. Mai Makulli ta rubuto layi biyu, ta gode wa mai gwadawa, ta gode wa mai facin, ta ce sai a buɗewa ta gaba. Zancen makulli ko da wasa ba ta tayar ba.

Asabar ta zo, Auta ba ta zo ba. Ta biyu ma haka. Ta uku ta kira uwarta a waya suka yi hira mai tsawo, a ƙarshe ta ce a gaishe da Baba. Inna ta isar da gaisuwar kamar mai miƙa wa mutum garwashi. Shi kuwa girman kai ya hana shi kira, sai dai duk motar da ta tsaya a ƙofar gida ya ɗaga labule ya ce iska yake nema.

Asabar ta huɗu, da hantsi, ya ji muryar jikokinsa a tsakar gida. Auta ta shigo ɗakin baya kai tsaye, jaka a kafaɗa, da wata robar ruwa mai murfi a hannu, ruwan rabi.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Ashe kin san hanya."

"Na tambaya aka nuna mini." Ta ajiye robar a farantin tsohon sikelin, ta girgiza ta, ruwan ya shiga kai da kawo. "Mage ba ta shiga takardar gwaji, ba kowa ke da ita ba, kuma kowace da halinta. Wannan kuwa kilo biyu ne cif, yana motsi kamar jariri, ko a wace ƙasa mutum yake zai iya haɗa irinsa. Na aika musu, sun ƙara shi a takarda. Daga yau ba wanda zai sa hannu da duwatsu kaɗai."

Baba ya ɗauki robar ya juya ta, ya sake girgizawa, ya kai kunne. Shekara arba'in yana sana'ar nan, wannan dabarar ba ta taɓa faɗo masa ba, abin kuma ya ɗan sosa masa rai.

"Murfin zai yi yoyo," ya ce.

"Ba zai yi ba."

Bai yi ba. Sabon facin yana gane irin sikelin da aka haɗa masa: sabo daƙiƙa biyu, tsoho huɗu. Mai dubawa ya riga ya sake karantawa ya sa hannu. Suka wuni suna ɗorawa suna saukewa, duwatsu da roba, sikeli bakwai, jikoki na ƙirga musu da ƙarfi suna ɓata lissafi. Da la'asar ya ce a sake na shida da na bakwai sau ashirin-ashirin. Ta harare shi, ta sake. Ba wanda ya kauce.

"Faɗi in rubuta," ta ce.

Ya faɗa, ta rubuta, ta karanta masa. Ya danna.

"Saura wata biyar a buɗe ƙofa," in ji ta, tana naɗe waya.

"Makullin fa?"

"Ba ta ce komai ba."

"Ta riƙe abinta. In ta samu wadda ta fi ki, ta kawo ta nan in gwada."

Ranar Litinin tun kafin ya buɗe lungunsa ya tare mai ɗinki, ya shiga ba shi labarin 'yarsa da ta mayar da takwas ta koma huɗu, ta kuma sa mutanen ƙasashe suka canza takardarsu saboda robar ruwa. Mai ɗinki, da allura a baki, ya ce, "Huɗun me, Baba?"

"Kai dai yi ɗinkinka," in ji Baba Sikeli, ya juya ya kama wani mai wucewa ya faro masa daga farko.